Likitocin DO: Ƙofa ta biyu ta shiga aikin likita a Amurka, da wahalar da ke bayanta

Ranar Asabar 3 ga watan Oktoban 2020, wani likitan sojin ruwan Amurka ya fito ƙofar asibitin Walter Reed da ke jihar Maryland tare da ayarin abokan aikinsa, domin yi wa duniya bayani kan lafiyar Shugaba Donald Trump, wanda ya kamu da cutar korona.

Sunansa Sean Conley. Kafin rana ta faɗi, hankalin wasu masu sharhi ya bar zazzaɓin shugaban ya koma kan haruffa biyu da ke bin sunan likitan: DO, maimakon MD da aka saba gani. A shafukan sada zumunta har wasu na tambayar yadda aka yi aka damƙa lafiyar shugaban ƙasa a hannun mai tausa.

Conley dai ƙwararren likitan sashen agajin gaggawa ne. Ya kammala karatu a kwalejin likitancin ostiyofati ta Philadelphia a 2006, ya kuma yi aiki a asibitin sojoji da ke Kandahar a Afghanistan. Likitan da ya gaje shi a zamanin Joe Biden, Kevin O'Connor, shi ma DO ne. Haka nan Sean Barbabella, wanda Trump ya ɗauka da ya dawo mulki a 2025.

A yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a Amurka suna karatu ne a makarantun da ke ba da wannan digiri, kuma kimanin kashi 11 cikin 100 na likitocin ƙasar da shi suke aiki. Suna rubuta magani, suna tiyata, suna karɓar haihuwa, lasisinsu ɗaya da na masu MD a dukkan jihohi 50. Sai dai ɗalibin da ya bi ta wannan ƙofa yana ɗaukar wani ƙarin kaya da takwaransa ba ya ɗauka, kuma kayan ya samo asali ne daga wani makoki da aka yi shekara 160 da suka wuce.

Mutumin da sanƙarau ya kashe wa 'ya'ya

An haifi Andrew Taylor Still a 1828 a jihar Virginia. Mahaifinsa malamin coci ne kuma likita, a wurinsa ya koyi aikin kamar yadda ake koyon sana'a a gida, domin haka akasarin likitocin karkarar Amurka suke samun horo a lokacin. Ya yi aiki a ɓangaren sojojin Arewa a yaƙin basasar ƙasar.

A 1864 annobar sanƙarau ta shiga gidansa a Kansas, ta kashe yara uku. Ba a jima ba ciwon huhu ya ɗauke wata ƙaramar 'yarsa. Likitocin da aka kira sun yi iya abin da suka sani, amma abin da suka sani ɗin ba shi da yawa. Zamani ne da ake tsaga jijiyar majinyaci a zubar da jini, ana ɗura masa maganin da aka haɗa da zaiba har haƙoransa su yi girgiɗi, ana kashe zafin ciwo da barasa da ofiyom. Ba a gane aikin ƙwayoyin cuta sosai ba tukuna, ballantana a samo maganinsu.

Still ya yanke ƙauna da wannan irin magani. Ya shafe kusan shekara goma yana nazarin ƙasusuwa da tsarin jikin ɗan Adam, har a 1874 ya fito da nasa ra'ayi: jiki na da ikon warkar da kansa, kuma yawancin cututtuka na faruwa ne idan ƙashi ko gaɓa ta goce ta danne hanyar jini da jijiyoyi. Idan an mayar da gaɓar mazauninta da hannu, a ganinsa, jiki zai ƙarasa sauran aikin. Daga baya ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, na ƙashi da na ciwo, ya raɗa wa hanyar suna ostiyofati.

Mutanen garinsa ba su yi maraba da shi ba. Jami'ar Baker, wadda danginsa suka taimaka aka gina, ta hana shi gabatar da ra'ayin, cocinsa ma ta juya masa baya. Ya koma garin Kirksville a jihar Missouri, yana yawo ƙauye-ƙauye yana tallata kansa a matsayin mai ɗori. Da suna ya bazu marasa lafiya suka riƙa cika jiragen ƙasa zuwa Kirksville, sai a 1892 ya buɗe makaranta a wani ɗan gini na katako mai ɗaki biyu. Akwai mata a ajin farko, abin da makarantun likitanci da yawa na lokacin ba su yarda da shi ba.

A kan asalin cututtuka, Still ya yi kuskure. Gocewar ƙashi ba ta kawo sanƙarau ko taifod. Amma a zamanin da maganin likita kan kashe mutum kafin ciwo ya kashe shi, wanda ya taɓa majinyaci da hannu kawai ya bar shi ya huta yakan samu sakamakon da ba ya jin kunyar nunawa.

Daga masu tausa zuwa cikakkun likitoci

Jihar Vermont ce ta fara ba su izinin aiki a 1896. Mississippi ce ta ƙarshe da ta ba su cikakken lasisi, a 1973. Tsakanin waɗannan shekaru biyu an yi ta fafatawa da ƙungiyar likitocin Amurka, wadda ta daɗe tana kallonsu a matsayin 'yan bori.

A 1910 Abraham Flexner ya fitar da shahararren rahotonsa bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Ya caccaki mafi yawansu, har da makarantun ostiyofati takwas da ake da su. Makarantu da dama sun rufe a bayan rahoton. Waɗanda suka tsira daga cikin na ostiyofati sun gane cewa sai sun bi kimiyya: suka gina ɗakunan gwaje-gwaje, suka tsawaita shekarun karatu, suka kuma shigar da ilimin magunguna cikin manhaja, abin da Still ya rayu yana ƙyama. Shi kansa ya rasu a 1917.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi musu rana ta inda ba su zata ba. Rundunar soji ta ƙi ɗaukarsu a matsayin likitoci, don haka da aka kwashe masu MD zuwa fagen daga, su aka bari da marasa lafiyan gida. Suka samu jama'a, suka gina asibitocinsu. Sai a 1966 ma'aikatar tsaro ta buɗe musu ƙofa.

Babbar girgizar ta zo daga Kalifoniya. A 1962 aka haɗe ɓangarorin biyu a jihar: likitocin DO kimanin 2,000 suka biya dala 65 kowannensu aka ba su takardar MD, kwalejinsu ta Los Angeles ta rikiɗe ta zama makarantar MD, wadda a yau take ƙarƙashin Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine, aka kuma kafa dokar hana ba sababbin DO lasisi. Makarantu biyar kacal suka rage a faɗin ƙasar, har an fara yi wa sana'ar ta'aziyya.

Amma cinikin ya zama makami a hannun waɗanda suka ƙi sauya sheƙa. Idan dala 65 ce kaɗai ta raba DO da MD ba tare da ƙarin darasi ko na kwana ɗaya ba, da wace hujja za a ce horonsu bai kai ba? Da wannan tambaya suka riƙa shiga majalisun jihohi. A 1974 kotun ƙolin Kalifoniya ta soke haramcin. Kafin nan, a 1969, jihar Michigan ta kafa kwalejin ostiyofati da kuɗin gwamnati, wadda ta zauna a cikin jami'ar jihar. Daga can Barbara Ross-Lee, yayar mawaƙiya Diana Ross, ta kammala a 1973, kuma a 1993 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta shugabanci wata makarantar likitanci a Amurka, a Jami'ar Ohio.

Yanzu makarantun sun haura 40, wasunsu da rassa a garuruwa daban-daban.

Kafin a samu gurbi

A Najeriya ɗalibi na fitowa daga sakandare ya rubuta JAMB, idan ya yi sa'a ya shiga karatun MBBS na shekara shida. A Amurka sai ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, a kowane fanni, muddin ya ɗauki darussan bayoloji da kemistiri da fiziks da ake buƙata. Daga nan ya zauna jarrabawar MCAT, wadda ke cin sama da awa bakwai, makinta kuma na kamawa daga 472 zuwa 528.

A nan ne maganar da ba a cika son faɗa a fili take. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka a makarantun MD na kusa da 512, na makarantun DO kuwa na kusa da 504. Akwai ɗaliban da suka zaɓi ostiyofati tun farko, saboda likitan gidansu DO ne ko saboda falsafar ta burge su. Akwai kuma da yawa da suka nemi ɓangarorin biyu, suka shiga inda aka kira su. A wurin ganawa da masu tantancewa kusan kowa sai an tambaye shi dalilin da ya sa yake son ostiyofati, kuma kowa ya san irin amsar da ake son ji.

Makarantun kan yi alfahari da cewa suna duba mutum gaba ɗaya, ba maki kaɗai ba. Shi ya sa ake yawan samun waɗanda suka fara da wata sana'a a ajinsu: tsohon ma'aikacin jinya, direban motar asibiti, tsohon soja, uwa mai 'ya'ya da ta dawo karatu tana da shekara talatin da wani abu. Wasu makarantun na son ganin wasiƙar shaida daga wani likitan DO da mai neman gurbin ya bi yana kallon aikinsa.

Ɗakin da babu irinsa a sauran makarantu

Shekara biyun farko na aji ne da ɗakin gwaji, kuma littattafan duk iri ɗaya ne da na makarantun MD: tsarin jiki tare da feɗe gawa, aikin gaɓoɓi, ƙwayoyin cuta, ilimin magunguna, yadda cuta ke lalata nama. Yawan abin da ake haddacewa a mako guda ya kai na zangon karatu guda a digirin farko.

Bambancin na cikin wani babban zaure da aka jera gadajen tausa. Sau ɗaya ko biyu a mako ɗalibai na zuwa cikin gajeren wando da rigar motsa jiki, a raba su biyu-biyu, wannan ya kwanta wancan ya duba shi, sannan su sauya. Kimanin awa 200 ake warewa wannan darasi kafin a kammala, a kan sauran karatun da ba a rage musu komai daga ciki ba.

Watannin farko na tafiya ne a koyon ji da yatsu. Malami zai ce a ɗora hannu a bayan abokin karatu a laluba ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya, a gane wanda ya karkata, a bambanta tsokar da ta ɗaure da wadda ta saki, a ji inda fata ta fi ɗumi. Sabon ɗalibi yakan rantse ba ya jin komai sai fata. A hankali hannun ke buɗewa.

Daga nan a shiga dabarun gyara. Akwai wadda ake sa majinyaci ya tura gaɓarsa a kan hannun likita na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya saki, a miƙe tsokar kaɗan-kaɗan. Akwai wadda ake lanƙwasa jiki zuwa inda zafin ya lafa, a riƙe na daƙiƙa 90. Akwai ta ɗaga haƙarƙari domin sauƙaƙa numfashi. Akwai kuma wadda aka fi sani, ta murɗa gaɓa da sauri har a ji ta yi ƙas, wadda ɗalibai ke fargabar a gwada a wuyansu a karon farko.

Wanda ya san masu ɗorin gargajiya zai iya zaton abu ɗaya ne, amma aikin ya bambanta. Mai ɗori na haɗa ƙashin da ya karye. Waɗannan dabaru na gaɓoɓi da tsokoki ne da suka sanƙare, kuma karaya na cikin abubuwan da ake koya wa ɗalibi kada ya kuskura ya murɗa. Likitan DO da aka kawo wa mai karaya hoto zai ɗauka, ya sa filasta ko ya tura tiyata, kamar kowane likita.

Wani abu da ya kamata mai sha'awar karatun ya sani tun da wuri: makarantu da dama sun rubuta cikin sharuɗɗansu cewa ɗalibi zai taɓa abokan karatu maza da mata, su ma za su taɓa shi. Ga ɗaliba mai hijabi, ko duk wanda addininsa ya sa masa iyaka a nan, sassaucin da ake yi ya danganta da makaranta, don haka tambaya ce ta kafin a biya kuɗin rajista.

Shin tausar tana aiki?

Amsar ta danganta da ciwon. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon baya, kuma ko a nan ɗin amfanin matsakaici ne. Wani gwaji da aka yi a Faransa kan mutum 400 masu ciwon baya, wanda aka wallafa a 2021, ya kwatanta tausar gaske da ta bogi, ya samu ɗan bambanci ƙarami da masu binciken da kansu suka yi shakkar ko majinyaci zai ji shi a rayuwarsa ta yau da kullum.

Akwai kuma sassan da suka fi jawo gardama, musamman koyarwar William Sutherland, almajirin Still, cewa ƙasusuwan ƙoƙon kai na motsi a hankali kuma ana iya daidaita su da hannu. Masana da yawa, har da wasu malaman makarantun ostiyofatin, na ganin babu hujjar kimiyya a kan haka. Duk da haka yana cikin manhaja kuma yana fitowa a jarrabawa. Ɗalibin da ya kwana yana karanta yadda ake auna ingancin magani da alƙaluma, da safe sai a ce ya ji bugun da shi bai tabbata akwai shi ba.

Abin da ke faruwa bayan kammalawa ya fi kowace muhawara bayyana gaskiyar lamarin. Wani bincike da aka wallafa a 2021 cikin mujallar ƙungiyar likitocin ostiyofatin kanta ya nuna sama da rabin waɗanda suka amsa tambayoyi ba sa yi wa ko majinyaci ɗaya tausar. Dalilan da suka bayar sun haɗa da ƙarancin lokaci, da wahalar karɓar kuɗin aikin daga kamfanonin inshora, da rashin goyon bayan asibitocin da suke aiki. Wato abin da ya raba su da sauran likitoci shi ne abin da mafi yawansu ke ajiyewa.

Masu kare darasin na cewa ko ba a yi tausar ba, awa 200 na taɓa jikin mutum na barin wani abu a hannun likita: ya saba da laluben ciwo, ba ya ƙyamar kusantar majinyaci, ya kuma san tsoka da gaɓa fiye da wanda ya gan su a littafi kawai. Wannan magana ce mai wuyar aunawa.

Abin da aka auna shi ne sakamakon jinya. A 2023 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun duba bayanan kwanciya asibiti fiye da 329,000 na tsofaffi. Waɗanda suka rasu cikin kwana 30 sun kai kashi 9.4 cikin 100 a hannun masu MD, kashi 9.5 a hannun masu DO. Ba a ga wani bambanci ba a yawan kwanakin jinya ko kuɗin da aka kashe.

Jarrabawa biyu, kuɗi biyu

A shekara ta uku da ta huɗu ake shiga asibiti, ana zagaya sassa: cututtukan ciki, tiyata, yara, mata da haihuwa, ƙwaƙwalwa, likitancin iyali. Manyan makarantun MD galibi na da katafaren asibitin koyarwa a jikinsu. Makarantun DO da yawa ba su da shi, sai su rarraba ɗalibai zuwa ƙananan asibitoci da dakunan shan magani, wani lokaci a wata jihar. Wani ɗalibin kan dace da asibitin da shi kaɗai ne mai koyo, likita ya ba shi allura da zare ya ce ɗinka. Wani kuma ya ƙare yana tsaye a lungu yana kallo, yana sauya gidan haya duk bayan 'yan makonni.

Sai batun lasisi. Dole ɗalibin DO ya ci jarrabawar COMLEX mai matakai uku, wadda ta ƙunshi duk ilimin likitanci da kuma tausar. Ita kaɗai ta isa a ba shi lasisi. Amma ɗaliban MD na rubuta USMLE ne, kuma ita shugabannin shirye-shiryen horon ƙwarewa da yawa suka fi sani. Don haka dubban ɗaliban DO na zama su rubuta duka biyun, sau da yawa cikin mako guda, kowacce ta yini cur, kowacce da kuɗinta na ɗaruruwan daloli.

Dalilin wannan wahala shi ne ranar Juma'a ta uku ta watan Maris, ranar da ɗaliban ajin ƙarshe a faɗin ƙasar ke buɗe ambulan su ga asibitin da kwamfuta ta haɗa su da shi domin horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai. Wanda bai samu gurbi ba yana da digiri a hannu amma ba zai iya duba majinyaci shi kaɗai ba.

A da ɓangarorin biyu kowanne na da nasa tsarin horon. A 2020 aka kammala haɗe su wuri guda. A 'yan shekarun nan kimanin kashi 92 cikin 100 na ɗaliban DO na samun gurbi, na MD kuma kimanin kashi 93 zuwa 94. Tazarar na ɓoye ne a cikin fannoni. A likitancin iyali da cututtukan ciki da agajin gaggawa, ƙofa a buɗe take. A tiyatar ƙwaƙwalwa, tiyatar gyaran jiki da cututtukan fata, 'yan ƙalilan ne ke shiga, kuma sai sun nuna makin da ya zarce na abokan takararsu.

Raini ma bai gama gushewa ba. A watan da Conley ya yi bayaninsa, wani kamfanin ɗinka kayan ma'aikatan asibiti ya saki tallar wata mata ɗauke da katin DO tana riƙe da littafin koyon kalmomin likitanci a kife. Sai da kamfanin ya janye tallar ya nemi gafara.

Bashin da ke bin mutum

Mafi yawan makarantun DO masu zaman kansu ne, kuma kuɗin makaranta kaɗai kan haura dala 50,000 a shekara, ban da haya da abinci da inshora. Matsakaicin bashin da ɗalibai ke fita da shi ya wuce dala 250,000. Wasu sababbin makarantun ma na 'yan kasuwa ne da ke neman riba, irin su Rocky Vista da aka kafa a Colorado a 2006, lamarin da ya raba kan likitocin ostiyofatin kansu. Masu suka na tambayar ko ana buɗe makarantu da sauri fiye da yadda ake samar da asibitocin da za a horar da ɗaliban.

Dokar haraji da kashe kuɗi da Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙara ɗaure lamarin. Daga 1 ga Yulin 2026, sabon ɗalibin likitanci ba zai ranci fiye da dala 50,000 a shekara daga gwamnatin tarayya ba, jimilla kuma dala 200,000. Ragowar sai dai daga bankuna, da ruwan da suka ga dama, ko daga aljihun iyaye. Waɗanda abin zai fi shafa su ne 'ya'yan marasa ƙarfi da 'yan karkara, irin ɗaliban da makarantun DO ke cewa domin su aka kafa su.

Inda babu likita

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun waɗannan makarantu tana kan taswira. Ƙungiyar kwalejojin likitancin Amurka ta yi hasashen cewa ƙasar na iya fuskantar giɓin likitoci har 86,000 nan da 2036, kuma ƙauyuka ne suka fi jin jiki. Sama da rabin likitocin DO na aiki ne a matakin farko na kiwon lafiya, wato likitancin iyali, yara da cututtukan ciki, fannonin da albashinsu bai kai na masu tiyata ba.

An kafa makarantu da yawa a wuraren da manyan jami'o'i ba su waiwaya ba, bisa lissafin cewa likita kan zauna kusa da inda ya tashi ko inda ya yi horo. Akwai ɗaya a Lewisburg cikin tsaunukan West Virginia, akwai wata a Pikeville, yankin masu haƙar kwal a gabashin Kentucky, da aka buɗe a 1997. A 2020 Jami'ar Jihar Oklahoma da al'ummar Cherokee suka buɗe wata a Tahlequah, makarantar likitanci ta farko da ke da alaƙa da wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na likitocin Amurka ba. Ajinta na farko ya kammala a watan Mayun 2024.

Ga mai tunanin zuwa daga waje

Ba kowace makarantar DO ke ɗaukar baƙi ba. Waɗanda ke ɗauka galibi na son ganin darussan share fage da aka yi a wata jami'ar Amurka ko Kanada, kuma baƙo ba ya cikin masu samun rancen gwamnatin tarayya. Wasu makarantun sai an nuna shaidar kuɗin shekarun karatun kafin su ba da takardar neman biza. Wanda ya riga ya yi MBBS a gida ba ya buƙatar wannan hanya ko kaɗan: tasa ita ce tantance takardu da jarrabawar USMLE.

Akwai kuma tarkon suna. John Martin Littlejohn, wani almajirin Still, ya kai ostiyofati Landan inda ya kafa makaranta a 1917, kuma a can ta tsaya a kan tausar kaɗai. Mai ostiyofati a Birtaniya ko Faransa ko Ostireliya ma'aikacin lafiya ne da ke aiki da hannu, ba ya tiyata, ba ya rubuta magungunan asibiti, kuma hukumar da ke yi masa rajista daban take da ta likitoci. Wasu makarantun Turai ma na ba da takarda mai haruffan DO, amma difloma ce. Wanda ya biya kuɗin irin wannan kwas da zaton zai fito likita ya yi asara.

Saboda wannan ruɗani ne likitocin DO na Amurka suka daɗe suna bin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya suna bayyana kansu. Ƙungiyarsu ta ce a yanzu suna da cikakken izinin aiki a ƙasashe fiye da 65, ciki har da Birtaniya, inda hukumar likitoci ke yi musu rajista. A kowace ƙasa hukumar likitocinta ce ke da ta cewa, don haka mai niyyar komawa gida da wannan digiri zai fi samun kwanciyar hankali idan ya karɓi amsarta a rubuce kafin ya sa hannu a takardar rancen farko.